Shin Maganin Mura Zai Iya Kai Direba Gaban Alƙali?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi da ke jan a-kori-kurarsa zuwa kasuwannin ƙauye. Ya ce shi bai taɓa kurɓar giya ba, amma idan hunturu ya kama yakan sayi maganin mura a kemis ya sha, sa'an nan ya shiga mota. To wani ya ce masa ana iya kama shi da laifin tuƙi cikin maye. Shin gaskiya ne, kuma ina asalin wannan doka?

To Malam, amsar ita ce e, yana yiwuwa. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Dokar hana tuƙi cikin maye ta girmi mota. A shekarar 1872 majalisar Ingila ta yi doka cewa duk wanda aka samu a buge bisa hanya yana jan keken doki, ko yana kan doki, ko yana kora shanu, za a ci shi tarar da ba ta wuce sule 40 ba, ko ɗaurin wata guda. Da motoci suka fito, sai dokar ta bi su. A 1897 aka kama wani direban tasi a Landan mai suna George Smith, bayan da ya afka wa wani gini a buge. Shi ne ake ambata a matsayin direban mota na farko da aka hukunta kan wannan laifi.

Har zuwa nan giya kaɗai ake magana. Sai a 1930 Ingila ta yi sabuwar dokar hanya, ta ce laifi ne mutum ya yi tuƙi alhali giya ko wani magani ya hana shi sarrafa motarsa yadda ya kamata. A lura da kyau, jama'a. Dokar ba ta ce sai haramtacciyar ƙwaya ba. Abin da ta duba shi ne halin da direba yake ciki.

A lokacin ma magungunan mura irin na yau ba su fito ba. A 1937 ne wani masani, Daniel Bovet, da abokan aikinsa a birnin Paris na Faransa suka gano irin sinadarin da ke tsai da atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayi. A 1943 George Rieveschl ya haɗa wani irinsa a Amurka, wanda aka sa wa suna Benadryl. Wajen ƙarshen shekarun 1940 kuma aka fito da sinadarin da ke cikin Piriton, wanda ake sa shi a magungunan mura da yawa. Duk waɗannan tsofaffin magunguna halinsu ɗaya: suna ratsawa har ƙwaƙwalwa, su kawo gyangyaɗi, su sa hannu da ƙafa su yi nauyi.

Ita giya an samo hanyar auna ta. Ƙasar Norway ce ta fara yanka iyakar giyar da za a samu a jinin direba, a 1936, kuma a 1954 Robert Borkenstein ya ƙera na'urar da ake hurawa. Amma wannan na'ura giya kawai take gani. Don haka tun cikin shekarun 1970 'yan sandan birnin Los Angeles suka fara horar da jami'ansu gane wanda magani ya buga. A Amurka akan sa direba ya taka layi, ya tsaya da ƙafa ɗaya, a duba motsin idonsa, in ta kama a ɗebi jininsa. Dokar jihar Kalifoniya ma ta faɗi ƙarara cewa kasancewar mutum yana da izinin shan magani ba zai wanke shi ba, in dai maganin ya ɓata masa tuƙi.

Wani zai ce, to ɗan ƙwayar mura har ya kai haka? A shekarar 2000 masana a Jami'ar Iowa ta Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da direbobi 40 a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Wani lokaci a ba su giya, wani lokaci a ba su miligiram 50 na sinadarin Benadryl. Sai aka tarar tuƙinsu ya fi lalacewa bayan maganin fiye da bayan giyar. Daɗin daɗawa, jin barci ko rashin jinsa bai nuna wanda tuƙinsa ya ɓaci ba. Hausawa na cewa jiki magayi, amma a nan jiki ba kullum yake gaya wa mai shi gaskiya ba.

Mu dawo gida Nijeriya. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau 'yan Rod Sefti, a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2007 aka yi mata sabuwar doka, kuma cikin laifuffukan da ta lissafa akwai tuƙi cikin mayen giya ko na ƙwaya. Kazalika a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da ruwan maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda matasa ke shan sa don su bugu. Wannan ya nuna cewa zaman kwalba a kantar kemis ba ya nufin ba ta bugarwa.

A hanyoyinmu, ba kasafai za a tsai da kai a tambaye ka ko ka sha Piriton ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an yi haɗari. Idan gyangyaɗi ya ɗebe ka, ka bar hannunka ka take wani, ana iya tuhumarka da tuƙin ganganci, in an rasa rai kuma magana ce ta ɗauri. Cewa "maganin mura kawai na sha" ba za ta ta da wanda ya mutu ba, balle ta biya buhunan da suka zube a kwalta.

Saboda haka ga shawara, ga direban mota da ɗan acaɓa da mai jan tarakta baki ɗaya. Kafin ka saya, ka ce wa mai kemis, "Zan yi tuƙi, wannan yana sa barci?" Akwai sababbin magunguna irin su loratadin waɗanda ba su cika kawo barci ba. Ka duba kwali, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya karanta maka, don akasari akan rubuta gargaɗin tuƙi a jiki. Kada ka haɗa maganin mura iri biyu, domin sau da yawa sinadari ɗaya ne a cikinsu. Wanda ka sha da dare kuma yana iya kai ka har asuba, lokacin da ake sammakon kasuwa. Goro da shayi za su buɗe maka ido, amma ba su fid da magani daga jini. In ka riga ka sha, ba wa wani direban makulli, ko ka hau motar haya. Kasuwar da ta wuce ka yau, mako mai zuwa za ta sake ci.

Da fatan mai tambaya da sauran masu sauraro an gamsu. Sai mun ji daga gare ku.