Shawara, ƙaho da sankara a Suk al-Shabi

Sana'ar magani da Hausawa ke yi a kasuwar Suk al-Shabi, ta Khartoum da ta Omdurman, hanyar hajji ce ta kawo ta. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gaɓar Nilu kusa da Sennar, noman auduga na Gezira kuma ya ƙara janyo wasu daga 1925. Sun zo da aska da ƙaho da sanin saiwoyi, wasunsu kuma suna ɗauke da sikila a jini. Mai magani kan jera bagaruwa, tsamiya, kuka da zoɓo a tabarma, ya buɗe idon mara lafiya da yatsa, in ya ga rawaya ya ce shawara ce.

A zamanin kakanni wannan hukunci yakan dace, domin zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta su suka fi jawo rawayar ido. Amma akwai wata shawarar da ke fitowa daga fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayar mai lafiya kan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa da ƙyar take wuce 20. A jikin dattijo, irin wannan fashewa kan zama alamar farko ta sankarar jini ko ta kaluluwa, inda garkuwar jiki ke juyowa ta cinye jinin kanta, saifa ta kumbura, tafin hannu ya yi fari. Wanda ke cikin wannan hali in aka kafa masa ƙaho, ɗan jinin da ya rage ne ake zuƙewa, kuma watannin da za a iya kama cutar da wuri suna tafiya.

Za a ce asibiti ma bai raba sikila da sankarar jini sarai ba. Gaskiya ne suna da alaƙa, har maganin hydroxyurea da aka fara ba masu sankarar jini shi Amurka ta amince a ba masu sikila a 1998. To amma awon jini ne ya nuna wa likita wa zai ba shi da kuma nawa, abin da ido kaɗai ba ya iyawa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talaka: ina asibitin yake? Cibiyar jinyar sankara ta Khartoum, wadda aka buɗe a 1967, ta daɗe tana ɗaukar nauyin kusan ƙasar Sudan duka kafin ta Wad Madani ta zo a 1999, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa aikin duka biyun. Wannan ne ma ya ƙara wa mai magani nauyi, tunda shi ake fara zuwa wa. Masu sana'ar sun saba tura karaya wurin maɗori, don haka ba baƙon abu ba ne su ajiye ƙaho su tura dattijo mai rawayar ido da kumburin saifa ɗakin awon jini.