Kamun kifi na nishaɗi a gaɓar tekun Kenya

Kamun kifi na nishaɗi a gaɓar tekun Kenya wasa ne, kuma sana'a ce, inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hayar jirgin ruwa mai inji tare da ma'aikatansa, su shiga Tekun Indiya domin kama manyan kifaye da fatsa. Ya bambanta da su irin na masunta, domin mai yin sa ba abinci yake nema ba, kokawa da kifin ce burinsa, kuma sau da yawa akan mayar da kifin ruwa da ransa. Manyan cibiyoyin harkar su ne Malindi, Watamu, Kilifi da Mtwapa a gundumar Kilifi, sai Shimoni da Diani a gundumar Kwale, da kuma Lamu a can arewa. Harkar ta dogara ne kacokan a kan yanayin iska, shi ya sa take da lokacin buɗewa da na rufewa a kowace shekara.

Iska da lokutan shekara

Iskoki biyu ne ke juya rayuwar gaɓar Afirka ta Gabas, kuma da su jiragen fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai da komo tsakanin Afirka, ƙasashen Larabawa da Indiya. Ta farko ita ce wadda ake kira kaskazi da harshen Swahili. Tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Nuwamba ko Disamba zuwa Maris. Ta biyu ita ce kusi, wadda ke busowa daga kudu maso gabas daga Afrilu zuwa wajen Oktoba. Kusi ta fi ƙarfi, kuma farkonta na haɗuwa da babbar damina, saboda haka teku kan yi haushi daga Mayu zuwa Yuli. A wannan tsakanin yawancin masu jirage kan fitar da su tudu domin gyara da fenti, wasu otal-otal ma su rufe ƙofa. Ɗan lokacin da iska ke lafawa tsakanin su biyun ana ce masa matlai.

Iskar tana canza tafiyar ruwan teku ma. Akwai igiyar ruwa da ke bin gaɓar Tanzaniya da Kenya ta nufi arewa duk shekara. A lokacin kaskazi kuwa, igiyar da ke gefen Somaliya takan juyo ta nufi kudu, sai su biyun su yi karo a arewacin Kenya. Karon nan, tare da tuddan da ke ƙarƙashin teku a yankin, yana taso da ruwan ƙasa mai ɗauke da abinci. Ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Kogin Sabaki, wanda ke zuba a teku arewa da Malindi kaɗan, shi ma yana kawo taki daga cikin ƙasa.

Daga Agusta zuwa Oktoba lokacin tuna mai rawayan fiffike ne, musamman a Mashigin Pemba, wato ruwa mai zurfin ɗaruruwan mitoci da ya raba tsibirin Pemba na Tanzaniya da gaɓa. Daga Oktoba zuwa Disamba kifin sulisuli ke cika ruwan Malindi. Daga Disamba zuwa Maris kuma lokacin malin ne, kuma a nan ne kuɗin haya ya fi tsada, domin ya dace da lokacin da Turawa ke gudun sanyin ƙasashensu.

Kifayen da ake nema

Waɗanda aka fi daraja su ne kifaye masu dogon baki mai tsini kamar mashi. Nau'o'i shida ne ake samu a ruwan Kenya: shuɗin malin, baƙin malin, malin mai zane, sulisuli, kifi mai takobi, da wani mai gajeren mashi da ba a cika ganinsa ba. Wurare kaɗan ne a duniya suka haɗa dukkansu. Sulisuli yana da faffaɗan fiffike a gadon baya, kamar ƙyallen da ake ɗaura wa jirgi don iska ta tura shi, kuma yakan yi ta tsalle sama da ruwa idan ƙugiya ta kama shi. Malin ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma matan ne ke yin ƙato. Baƙin malin mafi nauyi da aka taɓa kamawa da fatsa bisa ƙa'ida ya kai kilo 707.61, kuma Alfred Glassell ne ya kama shi a Cabo Blanco ta ƙasar Peru a 1953. Kifi mai takobi kan wuni a can ƙasan teku ya taso da dare, shi ya sa masu nemansa kan kwana a ruwa, suna ɗaura ƙananan fitilu kusa da ƙugiya.

Sunayen da ma'aikatan jirgi ke amfani da su na Swahili ne: nduwaro shi ne malin, jodari tuna, nguru wani dogon kifi mai kaifin haƙori, kolekole kifin da ke yawo kusa da duwatsun murjani, papa kuma shak. Kalmar nahodha, wato shugaban jirgi, asalinta daga Farisanci take, abin da ke nuna daɗewar cinikin teku a yankin. Sunan garin Shimoni ma na nufin cikin rami, saboda kogunan dutse da ke wurin.

Yadda ake hayar jirgi

Ana ɗaukar jirgi na rabin yini, ko yini guda, ko na kwanaki idan za a je tuddan arewa masu nisa. Kuɗin yakan haɗa da mai, kayan kamu, abinci da ladan ma'aikata, galibi nahodha ɗaya da yara biyu ko uku. Baƙi huɗu ne aka saba ɗauka. Jirgi kan tashi da sassafe ya dawo wajen la'asar, da tutoci a sama masu nuna irin kifin da aka samu.

Hanyar da aka fi bi ita ce ja. Jirgi yana tafiya a hankali, yana jan zare da yawa a bayansa, wasu ɗauke da kifin roba mai launi, wasu da ƙaramin kifi na gaske. Dogayen sanduna biyu a gefen jirgin ne ke ware zaren don kada su sarƙe. Da zarar babban kifi ya cafka, baƙon zai zauna a wata kujera mai juyawa da aka kafe a bayan jirgi, a ɗaura masa ɗamara, ya riƙa janyowa yana sassautawa. Kokawar kan ɗauki mintuna, wani lokaci sa'o'i. A gaskiya rabin aikin na nahodha ne, domin shi ke sarrafa jirgin yana bin kifin baya-baya, amma sunan baƙon ne ke shiga littafi.

Ƙa'idojin wasan na ƙungiyar IGFA ne, wadda aka kafa a 1939, mai hedikwata a jihar Florida ta Amurka. A dokarta, wanda ya riƙe sanda shi kaɗai zai yi kokawar. Idan wani ya taɓa sandar ko babban zaren, kamun bai shiga tarihi ba. An kasa zare aji-aji gwargwadon nauyin da ke tsinka shi, mafi ƙarfi shi ne na kilo 60. Ana kuma girmama wanda ya kama nau'i uku na masu mashi a rana ɗaya.

Tarihi

Turawan zamanin mulkin mallakar Birtaniya ne suka fara wasan a Kenya. Marubucin Amurka Ernest Hemingway ya yi kamun kifi a Malindi a 1934, bayan ya gama farauta a cikin ƙasa, kuma har yau ana tallata garin da sunansa. An buɗe kulob ɗin Mashigin Pemba a Shimoni a farkon shekarun 1960. Kulob ɗin Malindi kuma na shirya gasa duk shekara. A 1968 aka keɓe wuraren kare halittun ruwa na Malindi da Watamu, inda aka hana kamun kifi a tsakiyarsu.

Harkar ta sha koma-baya. Fashin teku daga Somaliya, wanda ya yi ƙamari tsakanin 2008 da 2011, da sace baƙi a yankin Lamu a 2011, sun sa ƙasashen Turai gargaɗin mutanensu. A Maris 2020 kuma Kenya ta dakatar da jiragen sama na ƙasa da ƙasa saboda annobar korona, ba a dawo da su ba sai Agusta.

Saki da taƙaddama

A da, ana rataye kifi a bakin gaɓa a auna shi a ɗauki hoto. Yanzu yawancin jiragen haya kan maƙala wa masu mashi alama mai lamba su sake su. Gidauniyar African Billfish Foundation da ke Watamu ce ke raba alamomin tana tattara bayanai, kuma kifayen da aka sake kamawa a ruwan wasu ƙasashe sun nuna cewa suna tafiya mai nisa. Ana kuma ƙarfafa amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki maimakon ciki.

Sai dai kifin da baƙo ya saka yau, masunci na iya kama shi gobe da raga, ya sayar ya ciyar da iyalinsa. Masu jiragen haya na cewa kifi mai rai ya fi kawo wa ƙasa kuɗi, kuma suna kuka da manyan ragogin zobe da ke kwashe ƙananan kifayen da manya ke bi. Masunta kuwa na cewa kuɗin bai cika isowa gare su ba, tunda yawancin jiragen ba na 'yan ƙauyukan gaɓa ba ne. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Gwamnati ta kafa kwamitocin kula da bakin ruwa a ƙarƙashin dokokin 2007, sannan ta yi sabuwar dokar kamun kifi a 2016, wadda ta samar da hukumar da ke ba da lasisi.

Mafi yawan kifin da ake kwasa a Tekun Indiya ba ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ke kama shi ba. Manyan jiragen kamfanoni masu dogon zare mai dubban ƙugiyoyi, da masu ragogi a tsakiyar teku, suna ɗaukar kaso mai tsoka. Hukumar Kula da Tuna ta Tekun Indiya, mai ofishi a birnin Victoria na Seychelles, wadda Kenya mamba ce a cikinta, ta bayyana a 2015 cewa ana kama tuna mai rawayan fiffike fiye da kima. A 2018 ta ƙayyade adadin malin da sulisuli da za a riƙa kamawa a shekara, ta kuma hana riƙe wanda tsawonsa bai kai santimita 60 ba.