Paul Nurse: Masanin da ya bi ta kan yisti ya kai ga shugabancin binciken cutar daji

Sir Paul Nurse masanin ƙwayoyin halitta ne ɗan Birtaniya, wanda ya jagoranci babbar cibiyar binciken cutar daji ta ƙasarsa, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2001. Shi ba likitan asibiti ba ne. Akasarin rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne yana nazarin yisti, dangin wanda ake sa wa ƙullun burodi don ya kumbura.

An haife shi ranar 25 ga Janairun 1949 a birnin Norwich, ya tashi a unguwar Wembley ta Landan a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Da ya kammala sakandare ya kasa samun gurbi a jami'a, saboda a lokacin sai da shaidar cin wani harshen waje ake ɗaukar ɗalibi, shi kuwa sau shida yana faɗuwa jarrabawar Faransanci. Ya kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin Guinness, har wani farfesa a Jami'ar Birmingham ya tsaya masa aka ɗauke shi. Ya kammala digirin farko a 1970, ya samu digirin digirgir a Jami'ar East Anglia a 1973.

Tambayar da ya sa a gaba a Jami'ar Edinburgh, ƙarƙashin Farfesa Murdoch Mitchison, ita ce: me ke sanar da ƙwayar halitta cewa lokacin rabewarta gida biyu ya yi? Jikin mutum daga ƙwaya ɗaya yake farawa, ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, haka har jiki ya ginu. Cutar daji kuwa takan taso ne idan wannan rabewa ta kuɓuce wa linzami, ƙwayoyi suka riƙa hayayyafa ba tsayawa. Nurse ya zaɓi wani nau'in yisti da aka fara samu a cikin giyar gero ta Gabashin Afirka, abin da ya sa sunansa na kimiyya ke ɗauke da kalmar "pombe", wato giya da harshen Suwahili. Yisti ƙwaya ɗaya ce tal, tana rabewa cikin 'yan sa'o'i, kuma renonta ba ya cin kuɗi.

Wata rana ya lura da wasu ƙwayoyin yisti da ke rabewa tun ba su kai girman da ya kamata ba. Ya fahimci cewa tunda har za a iya gaggauta rabewar, to akwai abin da ke riƙe da lokacinta. Bin sawun wannan ne ya kai shi ga gane aikin wata ƙwayar gado mai suna cdc2, wadda ita ke ba da izinin rabewa.

A 1984 ya koma Asusun Binciken Cutar Daji na Imperial da ke Landan. Ba kowa ne a can ya ga dalilin ba mai nazarin yisti ɗakin gwaji da kuɗin da jama'a suka tara don yaƙi da kansa ba. Amsar ta fito a 1987. Shi da abokiyar aikinsa Melanie Lee suka ɗauki yistin da cdc2 ɗinsa ta lalace, wanda ba ya iya rabewa, suka zuba masa ƙwayoyin gadon ɗan Adam. Ɗaya daga cikinsu ta maye gurbin wadda ta lalace, yistin ya ci gaba da hayayyafa. Ma'ana, linzamin da ke sarrafa rabewar yisti shi ne dai ke aiki a jikin mutum. Ana kiran wannan ƙwayar gado ta mutum CDK1. Da wuya a samu gwaji mai sauƙin bayani kamar wannan da ya yi irin tasirinsa.

Bayan shekara biyar yana farfesa a Jami'ar Oxford, ya dawo asusun a 1993 a matsayin daraktan bincike, ya zama babban darakta a 1996. A zamaninsa ne aka haɗe asusun da wata ƙungiyar agaji mai irin aikinsa, aka kafa Cancer Research UK a 2002, shi ne kuma shugabanta na farko. Lambar Nobel ɗin ya raba ta ne da Tim Hunt, wanda ya gano sinadarin da ke kunna wannan linzami, da Ba'amurke Leland Hartwell, shi ma masanin yisti da ke shugabantar cibiyar binciken kansa ta Fred Hutchinson a Seattle a lokacin.

Amfanin aikin ga marasa lafiya ya ɗauki lokaci kafin ya bayyana. Sai a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin palbociclib, wanda ke toshe wasu 'yan uwan CDK1 don rage yaɗuwar wani nau'in sankarar mama, kusan shekara 28 bayan gwajin Nurse da Lee.

A 2003 ya tafi New York ya shugabanci Jami'ar Rockefeller. Daga baya ya shugabanci ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society daga 2010 zuwa 2015, ya kuma zama daraktan farko na Cibiyar Francis Crick da ke Landan, wadda aka buɗe gininta a 2016.

A zamansa na Amurka ne wani al'amari ya same shi, wanda shi da kansa ya bayyana wa duniya. Da ya nemi takardar zama ta dindindin, hukumomi suka ƙi karɓar taƙaitacciyar takardar haihuwarsa, suka ce ya kawo cikakkiya. Da ta iso daga Ingila, sai masanin ilimin gado ya ga cewa wadda ya tashi yana kira yayarsa ita ce mahaifiyarsa, waɗanda ya sani a matsayin iyaye kuma kakanninsa ne da suka rene shi don rufa wa 'yarsu asiri. A lokacin ya haura shekara 50, kuma dukkan su ukun sun riga sun mutu.