Lokutan Aikatau a Harshen Awadhi: Daga Ina Suka Fito?

Yau za mu ɗan leƙa Indiya, don wani lokaci sai ka kalli nahawun wasu kake ƙara gane naka.

Awadhi harshe ne da ake yi a yankin Awadh na jihar Uttar Pradesh, wajejen Lucknow da Ayodhya, har zuwa kudancin Nepal. Da shi Malik Muhammad Jayasi ya rubuta Padmavat a 1540, da shi kuma Tulsidas ya fara Ramcharitmanas a 1574. Ka ga ke nan ya daɗe da zama harshen adabi.

To, ya suke nuna lokaci? Mu a Hausa lamirin da ke gaban aikatau ne ke sauyawa: ya tafi, yana tafiya, zai tafi. Su kuwa ɗafa-ƙeya suke yi wa saiwar. Ɗauki "dekh", wato gani:

dekhat hai, yana gani
dekhis, ya gani
dekhin, sun gani
dekhi, zai gani
dekhab, za mu gani

Kowace ɗafa-ƙeya a nan tana da tarihi. Tsohon harshen Sanskrit yana da siffofin lokaci masu yawa, amma akasarinsu sun zube a kan hanya, sai jikokinsa suka gina sababbi daga siffofin da ake cirowa daga aikatau. Wannan "-at" ta lokaci mai ci daga "-ant" ta Sanskrit ta fito, sai aka haɗa ta da kalmar taimako.

Lokaci mai zuwa ya fi ban sha'awa, domin saiwa biyu gare shi. "-b" ta dekhab ta samo asali daga "-tavya", mai ma'anar abin da ya wajaba a yi. A hankali "dole a gani" ta koma "za a gani". Harsunan gabas irin su Bhojpuri da Bengali ma haka suke yi. Siffar "dekhihai" (za su gani) kuwa daga tsohon lokaci mai zuwa na Sanskrit take, mai "-shya", wadda sautinta ya laushi ya koma "h", kamar a harshen Braj na yamma. Shi ya sa George Grierson, a binciken harsunan Indiya da ya jagoranta, ya ɗauki Awadhi a matsayin na tsakiya. A 1937 Baburam Saksena ya fitar da littafi sukutum kan yadda harshen ya sauya.

Kar ka yi mamaki. Ai "za" ɗinmu ma daga tafiya ta fito. Har gobe muna cewa "za ni kasuwa".

Tsakanin 1879 da 1916 Turawan Ingila sun kwashi 'yan ƙwadago daga Indiya zuwa gonakin rake na Fiji, da yawansu daga wannan yanki. Har yau a Hindin Fiji ana cewa "dekhis".

Amma a gida, ƙidayar Indiya tana sa Awadhi ne a ƙarƙashin Hindi, kuma ba ya cikin harsuna 22 da tsarin mulki ya jera. Da Hindi ake karatu a makarantun yankin, inda "dekhega" ce daidai.

Wannan ya sa nake ce wa ɗalibaina: in ka ji Basakkwace ya faɗi abu saɓanin daidaitacciyar Hausa, kar ka yi saurin cewa kuskure ne. Fara tambayar daga ina siffar ta fito.

Kai a garinku ya ake cewa "zan tafi"?