Ina A da B Suka Tafi a Kwamfutarka?

'Yan uwa ɗalibai, kun lura Windows daga C take farawa? A da B gurbin faifan flofi ne. IBM ta fito da shi a 1971, faɗinsa inci 8. Daga baya Sony ta kawo ƙarami mai inci 3.5, wanda aka fi sani da 1.44MB, ko hoton waya ɗaya da ƙyar. A 2011 ta daina ƙera shi.

Ni damuwata tsofaffin binciken malamanmu da ke kan irin faifan nan, danshi da zafi suna cinye su. In na'urar ta ƙi karantawa, galibi kan karatun ne ya yi datti. A goge da sifirit, a kwashe komai zuwa filash tun da sauran dama.