Asalin Zaman Bincike Bayan Digirin Digirgir a Fagen Ciwon Daji

A yau, wanda ya kammala digirin digirgir kan ciwon daji da wuya a damƙa masa ɗakin gwaje-gwaje nasa na kansa. Sai ya fara zama a ƙarƙashin wani babban farfesa na wasu shekaru, kamar ɗalibin da ya yi sauka amma ya koma gaban malami neman ilimin littattafai. Wannan tsari a Amurka ya kafu.

Jami'ar Johns Hopkins, da aka buɗe a 1876, ta fara ba matasan masana ɗan alawus don su zauna su yi bincike kawai. A 1919 Gidauniyar Rockefeller ta zuba kuɗi aka kafa tallafin ƙasa ga masu digirgir a fannin fiziks da kemistari, daga baya aka shigar da likitanci. Ciwon daji ya samu nasa rabon a 1937, lokacin da aka kafa Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa, doka kuma ta ba ta ikon horar da masu bincike. Da ɗan jarida Damon Runyon ya rasu da sankarar maƙogwaro a 1946, amininsa Walter Winchell ya hau rediyo yana roƙon jama'a gudummawa. Gidauniyar da ta fito daga wannan roƙo har gobe tana ɗaukar nauyin matasan masu bincike. Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar yaƙi da cutar a 1971, kuɗi suka kwararo, guraben suka yawaita.

Amma ni a ganina, labarin da ya fi nuna ainihin wannan zama shi ne na San Francisco. A 1970 wani matashin likita, Harold Varmus, ya shiga ɗakin gwajin Michael Bishop a matsayin mai neman ƙwarewa. Suna nazarin bairos ɗin da Peyton Rous ya gano a 1911 a jikin wata kaza mai ƙari a ƙirji. Sai wani Bafaranshe, Dominique Stehelin, ya zo irin wannan zama, kuma da hannunsa aka yi manyan gwaje-gwajen. A 1976 suka nuna cewa ƙwayar gadon da bairos ɗin ke haddasa ƙari da ita, asalinta daga lafiyayyen jikin kaza take. Wato tushen cutar yana kwance a jikinmu, jirkicewa kawai yake yi. Wannan ya sauya alkiblar binciken baki ɗaya.

A 1989 aka ba Bishop da Varmus kyautar Nobel. Stehelin, wanda sunansa ne na farko a takardar da aka buga sakamakon binciken, bai samu ba, ya kuma fito fili ya koka. Ko me mutum zai ce game da hukuncin, kukan nasa na dubban matasa ne da ke kwana kan kwalaben gwaji, yabo kuma ya tafi ga mai ɗaki.

Zaman da aka tsara na shekara ɗaya ko biyu ya miƙe zuwa biyar ko fiye, domin masu digirgir sun fi kujerun farfesa yawa nesa ba kusa ba. A 2003 masu irin wannan zama suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Amurka. A ƙarshen 2022 suna cikin ma'aikata kusan 48,000 da suka tafi yajin aiki a Jami'ar Kalifoniya, a 2024 kuma hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin alawus ɗinsu zuwa dala 61,008 a shekara.