AN DAƊE ANA ƘIRGA MU, YAUSHE ZA MU GA LISSAFIN?

Kwanakin baya na je gida hutun ƙarshen mako. A majalisarmu ta bayan la'asar a Gagarawa Tasha gardama ta kaure kan kuɗin da ƙaramar hukumarmu ke samu daga asusun tarayya. Wannan ya faɗi nasa, wancan ya rantse da nasa. Wani yaro ɗan kwaleji da ke gefe ya zaro waya, kafin a zubo shayi na biyu ya karanto mana adadin. Aka yi tsit.

Ni kuwa sai na tuna 2003, lokacin da nake rubuta kundin kammala digiri. Alƙaluman yaran firamare kawai nake nema a wani ofis. Yau a ce in kawo takarda daga makaranta, gobe a ce oga ya tafi taro, jibi a ce mai makullin kabad ba ya nan. Mako uku ina sintiri. Daga ƙarshe wani masinja ne ya ji tausayina ya ɗauko min shafi huɗu da suka koɗe, yana waige-waige kamar mai sayar da kayan sata.

Jama'a, ƙirga mu fa ba yau aka fara ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, masarautar Gumel ta shiga ƙarƙashin Lardin Kano. Ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa aka riƙa ƙirga magidanta saboda haraji, shanu kuma saboda jangali. Da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta garinmu wajen 1930, gyaɗar da aka loda ma da lissafinta. Rahoto ya tafi wurin Razdan a Kano, ya wuce Kaduna, wani har Landan. Da yawan takardun nan suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna har yau. Amma manomin da aka ƙirga bai taɓa ganin shafi ɗaya ba. Lissafi sama yake tafiya, abin da ke saukowa kawai shi ne takardar biya.

Shi ya sa kakana yake ba mu labarin yadda da an ji ƙishin-ƙishin malamin jangali, sai a kora shanu daji cikin dare, wasu har su tsallaka iyaka ta wajen Maigatari. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, muna cikinta a lokacin. Harajin ya tafi, tsoron mai biro da takarda bai tafi ba. Mu ma'aikata kuma muka gaji namu rabon: dokar sirrin gwamnati ta 1962 da rantsuwar riƙe sirri. Aka koya mana cewa fayil amana ce da ake ɓoyewa, ko da abin da ke ciki yawan rijiyoyin ƙauye ne.

To yaushe ƙofar ta fara buɗewa? A 2004 Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu wata-wata. Wanda ya yi wayo a lokacin ya san yadda ciyamomi suka ji a jikinsu. A 2008 a birnin Accra, masu ba da tallafi na duniya suka ƙulla shirin IATI, don kowa ya riƙa bayyana nawa ya bayar, ga wa, kuma don wane aiki. A watan Afrilun 2010 Bankin Duniya, ƙarƙashin Robert Zoellick, ya saki ma'aunan ci gaba sama da 2,000 a intanet kyauta, waɗanda a da sai ka biya kuɗin rajista ko ka sayi faifai. Ran 28 ga Mayun 2011 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai. Daga 2018 kuma shirin SFTAS ya riƙa ba jihohi tukuici in sun wallafa kasafin kuɗinsu da rahoton binciken asusu a kan lokaci.

Buɗewar ta zo mana da ɗaci. A 2007 Charles Soludo, yana gwamnan Babban Banki, ya ambaci Jigawa a sahun gaba wajen talauci, kashi 95 cikin ɗari. A 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da nata rahoton: kashi 40 a ƙasa baki ɗaya, kashi 87 a Jigawa. Na ga yadda mutanenmu suka fusata, ni ma wallahi na ji zafi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ba ya son adadin, yanzu yana iya ɗauko rahoton ya duba yadda aka yi binciken ya ƙalubalance shi. Kakana bai samu wannan damar ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Yawancin alƙaluman nan a matakin jiha suke tsayawa. Adadi ɗaya ne ya haɗa Dutse da Sule Tankarkar, ya haɗa mai fadama a Haɗeja da mai jigawa a Gagarawa. Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce mu dubu tamanin ne da ɗoriya. Jaririn da aka haifa a shekarar yau ya isa kaɗa ƙuri'a, amma da hasashe a kan wancan adadi ake lissafa mana aji da allurar rigakafi. Sannan ga harshe. Ranar da Bankin Duniya ya buɗe rumbunsa, da Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci da Larabci ya buɗe. Gwaggona da ke bin layin awo a asibitin mazaɓa, wanne za ta karanta?

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar tallafin ƙasar waje. Ƙaramar hukuma ta liƙa a bangon sakatariya, da Hausar boko da ajami, abin da ya shigo a wata da abin da aka kashe. Kowace makaranta da ɗakin shan magani su rubuta a allo yawan ma'aikatan da aka turo musu. Gidajen rediyonmu su karanta kasafin mazaɓu kamar yadda suke karanta sanarwar ɗaurin aure. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tambayar ina kuɗin suka shiga ta ƙara zama tamu.

'Yan'uwana ma'aikata, da mu nake. In ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman adadi, a ba shi, doka ce ta ba shi. Ku kuma matasa masu waya, in kun gano adadin kada ku tsaya a nan kuna zagin juna. Ku kai shi majalisar dattawan unguwa, ku fassara musu, sannan ku tafi tare ku tambayi kansila.

Allah Ya sa mu dace.